Sabuwar kwamfuta, wasa ya ƙi buɗewa: yadda ake bin sawun matsalar har a kamo ta

Ka tara kuɗi wata da watanni, ka sayo kayan ɗaya bayan ɗaya, ka zauna ka ɗaure su da hannunka. Ka danna maɓalli, fankoki suka juya, Windows ta hau lafiya lau. Intanet na aiki, bidiyo na tafiya. Sai ka danna Play a kan wasan da dominsa ka sha duk wannan wahala, allo ya yi baƙi na daƙiƙa biyu, ya maido ka inda ka fito. Wani lokacin ma ko motsi ba ya yi.

A nan tunani biyu ke faɗo wa mutum: ko dai an sayar masa da jabun kaya, ko kuwa a yi fomatin a sake ɗora Windows. Duka biyun ka dakata da su tukuna. A sabuwar kwamfuta, abin da ya fi yawa shi ne wani abu da ba a riga an saka ba, ko wani saiti da ba a kunna ba. Kayan da suka lalace tun daga kwali suna nan, amma su ne ƙarshen zargi. Shi kuwa fomatin, in ba ka san abin da ya rasa ba, sabuwar Windows ɗin ma za ta zo ba shi, ka ƙona data da wuni guda ka dawo inda kake.

Kafin ka taɓa komai, ka sake danna wasan ka zuba ido ka ga yadda yake ƙin. Akwai wanda ke fito da saƙo, wannan shi ne mai sauƙi: ɗauki hoton saƙon da wayarka, harafi da lamba duka, domin kusan rabin amsar na cikinsa. Akwai wanda ke rufewa shiru ba bayani. Akwai wanda ke daskarar da kwamfutar ko ya jawo shuɗin allo, wato allon kuskuren Windows. Akwai kuma wanda da an buɗe shi kwamfutar ke mutuwa ɗif kamar an ɗauke wuta. Na farko da na biyu galibi aikin manhaja ne. Na uku da na huɗu sun fi karkata ga RAM, wuta ko zafi. Sannan ka gwada wani wasa na daban, ko ƙarami ne. In guda ɗaya ne ya ƙi, laifin na kusa da wasan. In duk sun ƙi, to kwamfutar ce za a bincika.

Ƙa'ida ɗaya nake roƙon ka riƙe har ƙarshe: canji ɗaya, gwaji ɗaya. Ka gyara abu guda, ka buɗe wasan, ka rubuta abin da ya faru. Wanda ya juya abubuwa biyar lokaci guda, ko ya dace wasan ya buɗe, bai san wanne ne maganin ba. In kuwa abin ya ƙara dagulewa, bai san wanne zai warware ba.

Leƙa bayan akwatin

Wayar monita a ina ka cusa ta? A bayan akwatin akwai ramukan HDMI da DisplayPort a wuri biyu: na sama da ke jere da ramukan USB, waɗannan na madabod ne, wato babban allon da ake dasa duk kayan a kai, da na ƙasa da ke kwance a jikin katin girafik, wato katin da ke sarrafa hoto. Wayar a jikin kati take zama. In ka sa ta a madabod, kuma furosesarka na da ɗan girafik nata na ciki, hoto zai fito sarai, Windows ta yi aiki, amma katin da ka kashe wa kuɗi yana zaune ba ya komai, babban wasa kuma ya ƙi tashi ko ya ce kayanka ba su kai ba. Masu furosesar Intel mai harafin F a ƙarshe, irin i5-12400F, ko Ryzen 5 5600, ba sa faɗawa wannan ramin, don su hoto ma ba zai fito ba. Yawancin masu Ryzen 7000 zuwa sama da masu Intel marasa F su ne abin ya fi samu.

Tun da ka duƙa, kashe kwamfutar, zare ta daga soket, ka danna katin ka tabbatar ya zauna daram a ramin farko na kusa da furosesa, maƙullin ƙarshen ramin ya kama, wayoyin wutarsa kuma sun shige har sun yi ƙas.

Direban kati

Danna maɓallin Windows da X tare, zaɓi Device Manager, buɗe Display adapters. In ka ga sunan katinka, madalla. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter, ka kamo ɓarawon. Direba manhaja ce da ke sa Windows ta iya aiki da katin, wannan kuwa direban wucin gadi ne da Windows ke sawa don kawai ka ga allo, ba ya ɗaukar wasa. Ko da sunan katin ya fito, kada ka dogara da direban da Windows ta sauko da shi da kanta, sau da yawa tsoho ne. Je shafin kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar katin, NVIDIA ko AMD ko Intel, ka sauke na katinka, ka girka, ka sake kunna kwamfutar. Daga nan je shafin kamfanin madabod ɗinka, ko na AMD in Ryzen gare ka, ka girka direban chipset. Mutane na tsallake wannan saboda ba a ganin amfaninsa da ido, alhali shi ke daidaita yadda furosesa ke mu'amala da sauran kayan. Sai ka bar Windows Update ta gama duk abin da take yi, ka sake kunnawa, ka sake dubawa, har ta ce babu saura.

Wanda ya ciro SSD daga tsohuwar kwamfuta da Windows ɗinta a kai ya dasa a sabuwa, shi aikinsa ya ɗan fi haka. Tsofaffin direbobi na nan kwance, musamman in da NVIDIA ne yanzu AMD, ko akasin haka. Akwai manhaja ta kyauta mai suna Display Driver Uninstaller, an fi saninta da DDU, aikinta share direban girafik tas. Ka fara sauke sabon direban ka ajiye. Cire intanet. Riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, ka sake kunnawa ka danna 4 don shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da mafi ƙarancin direbobi. Buɗe DDU, zaɓi kamfanin tsohon katin, danna Clean and restart. Bayan ta dawo sai ka girka sabon, sannan ka maida intanet. Dalilin cire intanet ɗin shi ne kada Windows ta riga ka cusa nata.

In girafik biyu ne ke aiki a kwamfutar, na ciki da na kati, shiga Settings, System, Display, Graphics, ka nemo wasan ka sa masa High performance.

Ƙananan kayan da wasa ke jingina da su

Nan ne sabuwar Windows ta fi kama mutane, don haka zan ɗan daɗe a kai. Wasa ba ya tafiya shi kaɗai. Masu rubuta shi sun gina shi a kan wasu fayilolin Microsoft da suke sa ran suna cikin kwamfutarka. Tsohuwar kwamfutarka ta tara su a hankali cikin shekaru ba ka sani ba. Sabuwar fayau take.

Sunan fayil ɗin da saƙo ya ce ya ɓata shi ke gaya maka abin da za ka sauke. VCRUNTIME140.dll da MSVCP140.dll na cikin Visual C++ Redistributable na 2015 zuwa 2022. MSVCR120.dll na 2013 ne, MSVCR110.dll na 2012, MSVCR100.dll na 2010. Sabo ba ya maye gurbin tsoho a nan, kowanne zaman kansa yake, shi ya sa za ka ga kwamfutar ɗan wasa da jerinsu rututu, kuma daidai ne. Abin da ake yawan mantawa: kowanne iri biyu ne, x64 da x86. Ko da Windows ɗinka mai bit 64 ce, ka girka duka biyun, domin tsofaffin wasanni da wasu manhajojin buɗe wasa masu bit 32 ne. Saƙon nan mai lamba 0xc000007b yawanci daga wannan cakuɗewar yake: wasa mai bit 64 ya ɗauko fayil mai bit 32, ko akasi.

In kuwa sunan ya fara da d3dx9, kamar d3dx9_43.dll, ko ka ga xinput1_3.dll, to tsohon DirectX ake nema. Mutum zai ce ai Windows 11 da DirectX 12 ta zo. Haka ne, amma ba ta zo da waɗannan tsofaffin fayilolin ba. Nemi DirectX End-User Runtimes na Yunin 2010 a shafin Microsoft, ka warware shi a wata folda, ka danna DXSETUP.exe. Ba zai taɓa DirectX 12 ɗinka ba, ƙari kawai yake yi. Mai Steam ma, wato manhajar saye da buɗe wasanni, ba sai ya kashe data ba: a cikin foldar Steam, bi steamapps, common, Steamworks Shared, _CommonRedist, sau da yawa suna nan a ajiye. Wasu tsofaffin wasanni kuma .NET Framework 3.5 suke so, shi ana kunna shi ne ta Turn Windows features on or off.

Abin da ba zan so ka yi ba ko kaɗan shi ne rubuta sunan fayil ɗin a Google ka sauke shi tilo daga irin shafukan nan masu tara DLL, ka jefa cikin System32. Ba ka san wanda ya haɗa shi ba, ba ka san ko mai bit 32 ne ko 64 ba, kuma ta wannan hanyar ce mutane da yawa ke jawo wa kansu 0xc000007b ɗin da hannunsu. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Dubi kuma irin Windows ɗin da aka ɗora maka. Rubuta winver a wurin bincike. In sunan ya ƙare da N, kamar Pro N, an cire mata kayan bidiyo da sauti, wasan da ke farawa da ɗan fim sai ya rufe nan take ko ya nemi mfplat.dll. Maganinsa Media Feature Pack, yana cikin Optional features. Akwai kuma Windows ɗin da wasu ke yankewa su ce mara nauyi ce ta 'yan wasa, ana yawo da ita a filash. An zare mata sabuntawa, kariya da hidimomin Xbox, waɗanda wasanni da dama ba sa tashi sai da su. Wannan ce kaɗai halin da zan ce maka tun yanzu ka sake ɗora Windows, ta asali daga shafin Microsoft.

Secure Boot da TPM

Wasannin da ake bugawa da mutane ta intanet suna zuwa da manhajar hana maguɗi, wadda ke tashi kafin wasan. In ba ta gamsu da kwamfutar ba, ba za ta bar shi ya buɗe ba. Valorant a Windows 11 na neman TPM 2.0 da Secure Boot, matakan tsaro biyu da ake kunnawa a BIOS, wato shafin saitin madabod, in babu ya ba ka VAN9001 ko VAN9003. Battlefield 6 da ya fito a Oktoban 2025 ba ya tashi sai da Secure Boot. Masu wasan ƙwallon EA ma tun FIFA 23 sun san saƙon da ke cewa ba a kunna Secure Boot ba.

Danna Windows da R, rubuta msinfo32. Layi biyu za ka duba: BIOS Mode ya ce UEFI, Secure Boot State ya ce On. Sake danna Windows da R, rubuta tpm.msc, ka ga ko ya nuna 2.0. In TPM ne babu, shiga BIOS ta danna Delete ko F2 lokacin tashi, ka kunna fTPM in AMD ne, PTT in Intel ne. In Secure Boot ne, kashe CSM, wato saitin tsohon salon tashi, tukuna, adana, sake shiga, sannan ka kunna shi. A wasu madabod za ka ga an rubuta Enabled amma Windows ta ce a kashe yake. Makullansa ne ba a ɗora ba: nemi Restore Factory Keys ko Install default Secure Boot keys ka danna.

Hattara biyu a nan, kuma da gaske nake. In msinfo32 ya ce Legacy maimakon UEFI, kada ka kashe CSM kai tsaye, Windows ba za ta tashi ba, saboda faifan na tsohon tsarin MBR ne. Sai an juya shi zuwa sabon tsari, GPT. Kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri, buɗe Command Prompt a matsayin admin, rubuta mbr2gpt /validate /allowFullOS, in ya amince ka rubuta mbr2gpt /convert /allowFullOS, sannan ka shiga BIOS ka koma UEFI. Ta biyu: sabuwar Windows 11 kan kulle faifai da BitLocker da kanta in ka shiga da asusun Microsoft. Taɓa TPM, Secure Boot ko sabunta BIOS na iya sa ta nemi mabuɗi mai lamba 48 kafin ta buɗe. Shiga asusunka na Microsoft ta waya ka kwafe mabuɗin a takarda kafin ka taɓa BIOS. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasan kansa da abin da ke tare masa hanya

Wasan gigabait 80 da aka sauke cikin kwana uku, wuta na ɗaukewa, netwok na yankewa, ba abin mamaki ba ne fayil ɗaya ya zo a gurgunce. Kada ka goge ka sake saukewa. A Steam danna dama a kan wasan, Properties, Installed Files, Verify integrity of game files. A Epic, Manage sannan Verify. A manhajar EA, Repair. Abin da ya lalace kaɗai za a sake saukowa. Faifan da wasan ke kai kuma ya zama NTFS, domin FAT32 ba ya riƙe fayil da ya wuce gigabait 4.

Buɗe Windows Security, Virus & threat protection, Protection history, ka ga ko ta kama wani fayil na wasan. In daga Steam ko Epic ka saye shi, maido da fayil ɗin ka keɓe foldar. In kuwa kwafin shago ne da aka fasa, ba ni da hanyar da zan tabbatar maka cewa abin da ta kama ba cuta ba ce, kuma ba zan ce ka kashe kariyar kwamfutar da kake shiga asusun bankinka da ita ba. A wurin dai, ƙarƙashin Ransomware protection, duba Controlled folder access. In a kunne yake yana hana wasa rubutu a Documents, wasan da ya kasa ƙirƙirar fayil ɗin saitinsa kuwa rufewa yake yi shiru.

Ga wata da ta shafe mu kai tsaye. Lokacin ɗora Windows, in ka rubuta sunanka da ƙ, ɗ ko ɓ, ko da haruffan Larabci, foldarka a C:\Users za ta iya ɗaukar sunan haka. Wasu wasanni, musamman tsofaffi, ba sa iya karanta hanyar da ke da harafin da ba na Ingilishi ba, sai su faɗi ba bayani. Canza sunan asusun ba ya canza sunan foldar. Ƙirƙiri sabon asusu da haruffan Ingilishi zalla, ka shiga ta shi ka gwada. Ina son haruffanmu, ina kuma rubutu da su kullum, amma a sunan wannan folda guda na haƙura da su.

Duba agogo. Sabon madabod kan zo da kwanan wata na daban, manhajar buɗe wasa kuma ba za ta yarda da sabar kamfani ba in lokaci ya saɓa. Daidaita yankin lokaci ka danna Sync now.

Sai manhajojin da ke leƙowa a kan wasa: Discord, MSI Afterburner da RivaTuner, da na sarrafa fitilun ado da madabod ke cusa maka ranar farko. Rufe su duka ka gwada. In kana so ka yanke shakka gaba ɗaya, buɗe msconfig, Services, yi alama a Hide all Microsoft services, danna Disable all, sake kunnawa. In wasan ya buɗe, ka riƙa maido su kaɗan-kaɗan har mai laifin ya bayyana. Manhajar hana maguɗin wasan dai ka bar ta a kunne. Wasan da ke da zaɓi kuma, gwada rubuta -dx11 ko -windowed a Launch Options na Steam.

In ya rufe shiru, Windows ta rubuta

Da yawa ba su san cewa duk manhajar da ta faɗi, Windows na ajiye bayaninta ba. Danna Windows da R, rubuta perfmon /rel. Za ka ga jadawalin kwanaki da jajayen alamomi. Danna ta lokacin da wasan ya rufe, buɗe bayanin, nemi Faulting module name ko Fault Module Name. Haka yake a Event Viewer, Windows Logs, Application, mai lamba 1000. In sunan ya fara da nv, kamar nvwgf2umx.dll, direban NVIDIA ne. In ati ko amd ne, na AMD. RTSSHooks64.dll na RivaTuner ne. Ntdll.dll da KERNELBASE.dll kuwa kada su ruɗe ka: a hannunsu abin ya faɗi, ba su suka jawo ba.

Alamar da ta fi muhimmanci ita ce wannan. In kullum suna ɗaya ke fitowa, matsalar manhaja ce. In yau wannan, gobe wancan, wasanni daban-daban, shuɗin allo kowane lokaci da saƙo daban, ko ka ga WHEA-Logger a sashen System, to ka bar manhaja, ka koma kan ƙarfe.

RAM da BIOS

RAM ɗin da aka rubuta wa DDR5-6000 ko DDR4-3600 ba da wannan gudun yake tashi ba. Sai ka kunna saitin XMP a BIOS, ko EXPO a AMD, kuma wannan tura shi ne sama da gudun asali. Yawanci yana zama lafiya. Wani lokaci kuwa yana isa Windows da burauza, amma da wasa ya cika shi da aiki sai ya zame. Shiga BIOS, kashe XMP ko EXPO, gwada wasan. In ya buɗe, ka gano. Sai ka sabunta BIOS ka sake kunnawa, ko ka rage gudun da hannu, daga 6000 zuwa 5600 misali. Bambancin a cikin wasa kaɗan ne, bai kai ciwon kan faɗuwa ba. Sanda biyu a madabod mai rami huɗu, rami na biyu da na huɗu daga furosesa suke zama, A2 da B2, sai dai in littafin madabod ɗin ya faɗi wani abu daban. Kuma sanda biyu da aka saya daban-daban, ko lambarsu ɗaya, ba dole su jitu ba.

Don tabbatarwa, ɗora MemTest86, manhajar gwajin RAM, a filash, tashi kwamfutar daga shi, bar shi ya gama zagaye huɗunsa. Kuskure ɗaya ma ya yi yawa. In ya fito alhali XMP a kashe yake, gwada sanda ɗaya-ɗaya har ka ware mara lafiyar.

Masu Intel ƙarni na 13 da na 14, musamman i7 da i9 irin 13900K da 14900K, sabunta BIOS wajibi ne gare su. A 2024 Intel ta amince cewa wutar da ta wuce kima na lalata waɗannan furosesoshin a hankali. Alamar da aka fi gani ita ce wasa ya faɗi lokacin da yake shirya shaders, wato umarnin zana hoto, a buɗewar farko, har ya ce ƙwaƙwalwar katin girafik ta cika alhali katin lafiyarsa ƙalau. Gyaran da ake kira 0x12B ya fito a Satumban shekarar ta cikin sabon BIOS, kamfanin kuma ya ƙara shekara biyu a garantin. Gyaran na hana lalacewa nan gaba, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu. Wanda zai sayi irinta ta hannu ya san da wannan.

Sabunta BIOS ba wuya: sauke na ainihin samfurin madabod ɗinka, sa a filash mai FAT32, yi amfani da M-Flash, Q-Flash, EZ Flash ko Instant Flash gwargwadon kamfanin. Amma in wuta ta ɗauke a tsakiya, madabod na iya mutuwa. Kada ka yi shi a kan wutar NEPA tsirara. Sai da UPS ko inbata mai cikakken caji. Bayan an gama, a Ryzen 7000 allo kan yi baƙi na 'yan mintoci yana daidaita RAM, ka ƙyale shi. Saitunanka ma sun koma na asali, sai ka sake duba Secure Boot da TPM.

Wuta da zafi

Kwamfutar da ke mutuwa ɗif ko ta sake tashi da kanta daidai lokacin da wasa ya fara nuna hoto, wuta ce ta gaza har sai an tabbatar da akasin haka. A zaune kati na jan wuta kaɗan, da wasa ya tashi sai ya zabura. Ramin madabod na ba da wat 75, kowace waya mai fil 8 na ba da 150. RTX 3060 na cin kusan wat 170, NVIDIA kuma ta ce a haɗa shi da akwatin wuta, wato PSU mai raba wa kayan ciki wuta, mai wat 550. Katin da ke da rami biyu, ka ba shi waya biyu daban daga akwatin wuta, ya fi waya ɗaya mai reshe. Waya mai fil 8 ta furosesa da ta kati sun yi kama amma ba ɗaya ba ne, karanta rubutun jikinsu. Sabuwar waya mai fil 16 ta manyan katunan RTX 40 da 50 kuwa sai ta shige gaba ɗaya ba ko siririn gibi, in ba haka ba tana iya narkewa. Kuma kada ka taɓa amfani da wayoyin wani akwatin wuta a jikin wani, tsarin filolinsu ya bambanta, faifai da kati na ƙonewa ta haka.

Akwatin wuta mara suna da aka rubuta wa wat 700 aka sayar da arha, lambar jikinsa ba abin dogaro ba ce. A nan ne ba na goyon bayan tsimi. Dubi kuma abin da ke bayan soket: ƙaramin UPS na 650VA ainihin abin da yake ɗauka bai kai wat 400 ba, da wasa ya tashi sai ya yi ƙara ya yanke. Wutar da ta yi ƙasa ko ƙaramin janareta ma haka. Kernel-Power 41 da za ka gani a Event Viewer cewa kawai yake kwamfutar ta mutu ba shiri, ba ya faɗin dalili.

Zafi kuwa, sauke manhajar HWiNFO ka duba zafin kayan. Furosesar da ke kai digiri 80 ko 90 tana zaune ba aiki, fankarta ba ta zauna daidai ba. Cire ta ka duba ko ledar da ke manne a ƙasanta tana nan, ana mantawa da ita fiye da yadda ake zato. Goge, sa sabon man zafi, wato thermal paste, ɗaure kusoshin a gicciye, ka tabbatar wayar na CPU_FAN.

In duk wannan bai yi ba

Sabuwar haɗawa ba ita ce sababbin kaya ba. Da yawanmu da kayan hannu muke haɗawa, kuma wani wasan ya fi ƙarfin kayan ko da lafiyarsu lau. Danna Windows da R, rubuta dxdiag, buɗe Display, duba Feature Levels. GTX 750 Ti na tsayawa a 11_0, wasan da ke neman 12_0 ba zai buɗe a kansa ba ko wane direba ka sa. Furosesar Intel da ta girmi ƙarni na 4 na 2013, irin i7-3770, ba ta da AVX2, wani rukunin umarni na furosesa, wasu sababbin wasanni kuma ba sa tashi sai da shi. Gwada abin da ke hannunka da abin da shafin wasan ya ce shi ne mafi ƙaranci.

Katin hannu kuma ka duba shi da manhajar GPU-Z. Akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna su fito a matsayin sababbi, manhajar na yi wa da yawansu alamar FAKE, kuma lambobin da ta nuna za ka iya gwada su da na shafin kamfani. Code 43 a Device Manager bayan ka yi DDU ka sa direba mai kyau, shi ma ba alamar alheri ba ce.

Gwajin da ke raba gardama shi ne musanya. Ɗauki katinka ka sa a kwamfutar aboki, ka aro nasa ka sa a taka. In matsalar ta bi katin, katin ne. In ta zauna a gida, yi haka da RAM, sannan akwatin wuta. Ranar da za ka koma wurin mai kaya, tafi da rasit, da hoton saƙon, da hoton sakamakon MemTest86 ko GPU-Z, da takardar nan da ka riƙa rubuta gwaje-gwajenka a kai, ka nemi a gwada kayan a gabanka da wasan da ya ƙi buɗewa.